Haƙora Uku

A Wichita, bayan layin dogo,
inda iska ke dukan ƙyauren langa-langa,
na tsaya gaban inji tun shida na safe
da ilimin kakana a tafin hannu.
Maƙerin baƙi ne shi, a Jega.
Ya ce ƙarfe sai da lallashi,
sannu ba ta hana zuwa.

Sai aka miƙo mini sanholo,
farin ƙarfen haƙarƙarin jirgin sama,
sakayau kamar busasshiyar ƙwarya.
Na ce wannan ai tuwo ne.
Na ɗaura baki mai haƙora huɗu,
wanda na saba cin baƙin ƙarfe da shi,
na rage gudun mazari,
na tura shi saɗaf-saɗaf kamar mai shiga gidan surukai.

Minti biyu ba su cika ba
kukan ya koma gurnani.
Sanholo ya yi danƙo, ya liƙe wa haƙora,
ya toshe kwarmin,
ƙas!
Dala sittin ta karye a gabana.

Verna Krehbiel ta taho tana jan ƙafa.
Shekara talatin da ɗaya a wannan rumfa,
kunne ɗaya ya mutu, ɗayan yana jin
abin da ma'auni bai kai ga gani ba.
Ta ɗauki guntun, ta ƙanƙare shi da farce.
Ta ce, Sha'aibu, goga ka yi masa.
Mai taushi ba ya kokawa da kai,
rungume ka yake yi har numfashi ya ɗauke.

Ta zaro na kabaid daga aljihun tebur,
rabin inci, haƙora uku,
kwarmi mai faɗi, goge sumul har ina ganin idona,
babu shafen komai a bakinsa, kaifi zalla.
Cusa shi ciki, in ji ta,
in ya yi wuyan zalɓe zai yi karkarwa,
kuma karkarwar za ta rubutu a jikin aikin.

Juyi dubu goma a minti.
Na dube ta.
Dubu goma na ce,
kuma ka ba kowane haƙori lomarsa,
huɗu cikin dubu na inci.
Na buga lissafi a bayan safar hannu:
inci ɗari da ashirin.
Gabana ya faɗi.
Ta ce, zafi ɓarɓashi yake bi ya fita.
In lomar ta yi ƙanƙanta, a gida zai kwana.

Na yi bismillah, na danna kore.
Ruwan sanyaya ya ɓarke, fari kamar tsala,
bakin ya nutse,
sautin ya miƙe sak, zare ɗaya babu ƙulli,
ɓarɓashi na dukan gilashi kamar farin ɗango,
kowane ɗaya a lanƙwashe, jinjirin wata.
Verna ta tara tafi, ta murza guda a yatsa,
ta gyaɗa kai ta wuce.

Na ɗauko ma'auni da rawar jiki.
Daga can ta ɗaga murya: bari ya huce!
Kakana yana karanta wuta a launi,
ja, ruwan goro, fari.
Wannan ko yana ƙuna fuskarsa ba ta nuna,
kumbura kawai yake yi a ɓoye,
ka auna da zafi, gobe ya ƙaryata ka.
Na sha shayi a tsaye. Na jira.
Da na auna, ya zauna daram.

Da dare Hajjo tana cire mini takalmi
ta tsinci ɗaya a naɗin wandona.
Baba, azurfa ce?
Na ce, loma ce, ta haƙori na uku.
Ta sa a gwangwanin maɓallai,
kusa da tsohuwar ƙusar da Kaka ya ƙera.